Warin da Kaka Ta San Ni da Shi

Idanun Kaka sun mutu tun kafin in shiga aji uku, amma ba a taɓa yi mata shigar sata ba. A gidanmu na Zuru, da an ci tuwon dawa an kwashe kwanoni, sai ta ja kujerarta bakin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Kowa da alamar da take gane shi. Yayata Rahila, jan silifa. Ƙanena Ayuba, jan majina. Ni kuwa ko sanɗa na yi, ina buɗe baki in gaishe ta sai ta ce, "Mijina ya iso. Zamna can, ka ba ni iska."

Na ɗauka tsabar so ne. Har gori nake yi wa Rahila.

Lokacin Baba yana aikin soja a kudu. Ya aiko mana da burushi da makilin, Mama ta adana su a akwati tare da kayan zuwa coci, sai ranar Lahadi ake fito da su. Sauran kwana shidan bakina bola ne: ƙuli-ƙuli, rake, busasshen kifi, ga alewar da nake barci da ita a kunci. A makaranta rabin benci nawa ne ni kaɗai, ina ganin tsorona ake ji.

Wani yammaci muna gasa masara Kaka ta gyara murya za ta yi mana tatsuniya, ta ce, "Ga wata ta taho." Muka ce ta iso mu ji.

"Wani mahalbi ne bayan dutse. Ga baka, ga dahi, ga ido. Amma shekara ukku ko gahiya bai kashe ba. Shina nesa namun daji za su ɗaga hanci su watse."

Ya sake baka, ya sake karnuka, ya kai wa boka akuya, duk a banza. Matarsa ma ta koma kwana gindin rumbu, wai ɗaki zafi. Daga ƙarshe wata tsohuwa ta ce ya buɗe baki ta gani. Nan fa Kaka ta baje kolinta, ba ta rage mana komai ba. Zaren naman bikin bara yana nan maƙale a haƙori har ya yi kore. Harshe ya yi fari da kauri kamar saman kunun da ya kwana. Dasashi na tsattsafo da jini da mugunya, ga wani kogon haƙori da ƙuda ke leƙawa. Ayuba ya ajiye masararsa. Ni kuwa na matso kusa da ita na ce, "Kaka, wannan ai ƙazami ne."

Ta kau da fuska. "Gaskiyarka, mijina. Amma ka hwaɗe ta daga nesa."

Rahila ta tuntsire da dariya. Kaka ta tsawata mata, sannan ta ce da ni, "Lashi bayan hannunka, ka bari shi bushe, ka shinshina."

Na yi. Kamar waken da aka jiƙa aka manta da shi kwana uku. Na yi kakarin amai, sannan kunya ta rufe ni na fashe da kuka. Ashe abin da nake hura wa mutane ke nan.

Ban ji yadda maharbin ya ƙare ba, amma na san maganin da aka yi masa, don shi aka yi mini. Da gari ya waye Kaka ta sa aka karyo asawaki, ta tsare ni in tauna in goge, sama da ƙasa, ciki da waje. Ta sa na kankare harshe da ɓawon kara, abin da ya fito ba na son tunawa. Sakace bayan cin nama, kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri kafin kwanciya, alewar barci kuma an soke ta. Ta yi wa Mama faɗa har burushi ya bar akwati. Haƙori ɗaya da ya riga ya ruɓe aka cire shi a asibiti.

Bayan kamar mako uku na zauna dab da ita na gaishe ta. Ta ɗaga hanci ta shinshina, ta ce, "Wane ne?"

Na ce, "Ni ne, Ishaya."

Ta laluba kaina da kunnuwana. "To, sai in biɗi wata alama." Na ji daɗi, amma wani abu ya soke ni a ƙirji.

Yau shekaru sun ja, Kaka ta daɗe da rasuwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne, malamaina da abokaina da Mama duk sun sha warin nan, kowa ya matsa gefe ya bar ni da shi. Kwanan baya a motar Ribah wani saurayi ya zauna kusa da ni yana ta zuba hira, bakinsa kamar an buɗe masai. Na san abin da ya kamata a faɗa masa, na san yadda ake faɗa. Na juya fuska wajen taga har muka sauka.