Orozali, Maharbin da Ya Goyo Ƙaho

A ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da la'asar, Allah Ya karɓi ran Orozali ɗan Mambet a kan tsaunin da ke bayan ƙauyenmu a ƙasar At-Bashi. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Harsashi ne ya yi ajalinsa, kuma daga bindigar Kubat ya fito, mijin 'yarsa Sairagul. Wannan kowa ya ji, har a kasuwar Narin. Yadda aka yi ne ba a ji ba, ni kuwa ina wurin. Tun ranar 'ya'yan mamacin suka ɗauke 'yar'uwarsu daga gidan Kubat, kuma ana ta cewa zaman ƙauyen nan ya ƙare masa. Abin da ya sa ke nan ni Asankul na ɗauki alƙalami, ni da hannuna ya fi sabawa da linzami.

Orozali, tare muka tashi, tare muka fara bin sawun bunsurun tsauni, kuma tun muna samari ake yi maka tsiya kan tsananinka game da makami. Babu mai shiga tantinka da bindiga sai ya buɗe ta a bakin ƙofa ka leƙa cikinta da idonka. Na tuna wani baƙo da ya ce maka, "Haba dattijo, wallahi babu komai a ciki." Ka ce, "Madalla, ashe nunawar ba za ta yi wuya ba. Buɗe, shayi na hucewa." Ya buɗe yana ƙunƙuni, babu komai ɗin kuwa. Ka zaunar da shi a wuri mafi daraja, da aka kawo nama ka miƙa masa kan ragon.

Haka kake da baka. Da samari suka farfaɗo da harbin baka a kan doki, kai ka koya musu ɗaura tsirkiya, kai kuma ka hana kowa ɗana kibiya alhali akwai mutum ko kare a gabansa. Babban ɗanka Mederbek ya taɓa waiwayowa da kibiya a ɗane don ya amsa kiran abokinsa. Ka karɓe bakan ka rataye a saman tanti har lokacin farautar zomo ya wuce. Mahaifiyarsa Burulkan ta yi roƙon duniya, ka ƙi.

Dokokinka biyu ne duk maharbin kwarin nan ya haddace. Ta farko, wanda ya kashe bunsuru ya goyo kan dabbar, to ya juya ƙahon ƙasa ya ɗaura masa jan ƙyalle, don mai hange daga nesa ƙaho yake gani, ba ya ganin mutumin da ke ƙarƙashinsa. Ta biyu, kada a harbi ƙaho, sai an ga dabba da ƙafafunta huɗu. Jan ƙyallenka kullum yana ɗaure a ɗamararka, har mata na tsokanarka da amarya.

Duk da wannan tsanani, hannunka a sake yake. Ka riƙe al'adar shiralga fiye da kowa, wato duk wanda ya gamu da maharbi ɗauke da nama ya kira rabonsa, dole a yanka masa. Wasu na zagayawa ta bayan gari don kada a gan su. Kai ta tsakiyar gari kake bi. Sau nawa Burulkan ta ce, "Mijina ya kashe bunsuru, ni ƙafa da wuya na gani."

A ranar, mu uku muka fita, muka ɗaure dawakanmu a gindin tsaunin. Kubat ya tsaya a ƙetaren kwazazzabo inda garken ke ɓullowa, ni da kai muka hau sama. Ka samu babban bunsuru, muka feɗe, ni na ɗauki nama, kai ka goyi kan. A hanya muka haɗu da wani tsohon makiyayi yana neman ɓatacciyar tunkiya. Yana ganinmu ya ce, "Shiralga, maharbi!" Ka yanka masa cinya, ba shi da jaka, sai ka kwance jan ƙyallen daga ƙahon ka ƙunshe masa. Na ce ka juya ƙahon ƙasa ko da ba ƙyalle. Ka ce, "Yana kama duwatsu, Asankul. Ga dawakai can, ai mun iso." Gajimare ya riga ya sauko kan tsaunin, kuma ratsewa wurin makiyayin ta karkatar da mu daga hanyar da muka yi da Kubat za mu sauko ta ita. Kana gabana ka tako bayan wani dutse, ƙahon ya fara leƙawa kafin kai. Sai na ji ƙarar.

Kubat ya ƙetaro kwazazzabon da gudu yana murna. Ban taɓa ganin fuska ta sauya irin tasa ba, kuma ba na fatan in ƙara gani. Kai kuwa da sauran numfashinka ka dube shi ka ce, "Ƙafafu nawa ka gani, ɗana?" Ya ce, "Ko ɗaya, Baba." Ka ce, "To ka ji. Laifi biyu ne, naka da nawa. Nawa ne babba, ni na kafa dokar ni na taka ta." Sannan ka riƙe hannun rigata ka ce, "Kada ka bari su cinye yaron nan. Ka faɗa wa Mederbek ni na ce."

Ina fushi da kai, abokina, ba zan ɓoye ba. Shekaru kana hana mu sakat da ƙyallen nan, sai ka bayar da shi a kan cinyar bunsuru, saboda ka hango dawakai ka ga kamar an isa. Na yi ta juya abin a raina. Mu tsofaffi ba rashin sani ke kashe mu ba, sabo ne, da ganin cewa yau ɗaya ba komai. Ban kuma wanke Kubat ba. Ya ga ƙaho ya ja kunama, da kansa ya kai bindigarsa wurin hukuma, kuma abin da ya yi zai bi shi har kabarinsa ba sai mun taya ba.

Ranar jana'iza na isar da saƙonka ga Mederbek a gaban dattawa. A maƙabarta kowa na zuba ƙasa da hannunsa, Kubat na tsaye can bayan dawakai shi kaɗai. Sai Mederbek ya ciko shebur da ƙasar kabarin, ya ratsa mutane ya je har gabansa. Bai kalli fuskarsa ba, ya ce, "Ɗiba. Kai ma ubanka ne." Iyakar abin da ya faru ke nan. Sairagul tana gidan mahaifiyarta har yanzu, ban san me za a yanke bayan sadakar arba'in ba. Ni dai na sauke abin da ka ɗora mini, yanzu kuma kowa ya ji.

Allah Ya jiƙanka, Orozali, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya saka maka da Aljanna a kan kowane gida da namanka ya shiga. Ina miƙa ta'aziyyata ga Burulkan, da Mederbek da ƙannensa, da Sairagul wadda nata kukan ya fi na kowa nauyi. Allah Ya ba ku haƙuri. Ina kuma miƙa ta ga Kubat, wanda shi ma ya rasa uba, kuma har yau babu wanda ya taka ƙofarsa ya yi masa gaisuwa.