Zuwa Sakkwato Neman Inna Kulu

Na fito daga gidana a Jega ranar Asabar, ƙarfe shida saura minti ashirin, bayan sallar asuba. A jakata akwai littafin labari da takardar amsa guda. Ni malamin yaƙi da jahilci ne, ajin manyan mata. Takardar ta Inna Kulu ce, dattijuwa mai dogara sanda, wadda ta shekara biyu a ajina. Na tambaye su abin da ya sa matar cikin labarin, wadda aka ƙwace wa gona, ta je ƙofar mai unguwa sau uku ba ta shiga ba. Amsar da na tanada ita ce kunyar mata. Inna Kulu ta rubuta, "Babu wurin zama." Na soke a gaban kowa. Washegari ta koma gidan ƙanenta mahauci a Sakkwato, ga jarrabawa saura kwana tara. In ba ta rubuta ba, shekara biyun nan ta tafi babu takardar shaida.

Jega zuwa Tambuwal

Mota ta tashi shida da kwata. Na buɗe littafin.

"Malam, karatu kaka yi cikin mota?" in ji direba. "Kanka za ya juya."

"Kai dai dubi hanya."

Damina ta yi kyau. Gero ya fid da kai, raɓa na ƙyalli a kansa. Gyangyaɗi ya ɗebe ni, sai na ga matar labarin tana tafe a gefen titi da sandarta. Ba ta sauri, mota kuma ba ta wuce ta. Bakwai daidai muka tsaya a Tambuwal, na ci masa uku da kunu.

Tambuwal zuwa Sakkwato

Kimanin kilomita ɗari ne. Bayan Shagari akwai shingen bincike. Jami'in ya leƙa jakata.

"Littafin addini?"

"Na labari."

Ya dubi furfurata, ya yi murmushi, ya ɗaga mana hannu. Tara da minti goma muka shiga gari.

Ƙofar Atiku

Na hau keke mai ƙafa uku, na ce gidan mahauta. Hayaƙin tukuba ne ya nuna mana ƙofar. Na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Inna Kulu ta fito, ta zauna kan turmi, ƙafar hagu a miƙe.

"Malam, kai da kanka? Ajin naka ya ƙone?"

"Inna, amsarki na zo ki fahimtar da ni."

"Buɗe shahi na huɗu. Wa yah haihi matar?"

"Mahauci."

"Na tara hwa?"

"Ta faɗi tana yarinya, gwiwa ta sandare."

"Ashe ka karanta. Guda guda kak karanta, shi na. Zauren mai unguwa, ina mahauci ka zama?"

"Bakin ƙofa, wajen takalma."

"Mace hwa?"

"Bayan maza, a durƙushe."

"To bayan takalma mi as saura? Waje. Kuma gwiwar ba ta lanƙwasa. Ta miƙe ƙahwa gaban manya, a ce ɗiyar mahauci ba ta da ladabi. Ta tsaya tsaye, a ce mace ta tsaya bisa kan maza. Da namiji na gurgu, da an jawo mai buzu. Da ɗiyar malamai ta, da an shiga da ita cikin gida an saurare ta." Ta gyara sandarta. "Ni ma sau ukku nit tahi, shekarar da maigidana yar rasu."

Hayaƙi na shigowa a hankali, rana ta ratsa shi. Na riƙa ganin zauren mai unguwa cike da mutane, kowa bisa matsayinsa, ina zagayawa da matar nan ina neman inda zan zaunar da ita. Na duba lungu huɗu. Ban samu ba.

"Inna, ni na yi kuskure. Ki dawo ki rubuta jarrabawarki."

"Gaban mata kas soke. Gaban mata za ka gyara."

"Na yarda."

"Ku kawo ma Malam balangu," ta ce wa na ciki. "Ya gane karatu."

Komawa

Na kwana a Tudun Wada, gidan wani abokina tela. Lahadi, takwas da rabi, na same ta a tasha, ta riga ni. Na roƙi direba ya ba ta gaba ita kaɗai, don ta miƙe ƙafa. Tun daga Bodinga take karanta allunan gefen hanya a bayyane, a hankali, kamar mai kiran sunayen jikokinta. Ban gyara mata ko ɗaya ba.

Sha ɗaya da minti ashirin da biyar muka sauka a Jega. Na raka ta ƙofar gidan 'yarta, inda take zaune.

"Litinin, ƙarhe huɗu," ta ce. "Kada ka makara, Malam."

Ni da ban taɓa makara ba. Na ce to. Na isa gida kafin azahar, na gode wa Allah da ya kai ni lafiya, ya dawo da mu mu biyu.