Faranti na Shida

Ranar wata Asabar ce da hantsi, saura kwana tara Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, farantin Inna ya suɓuce daga hannuna. Ina tsaye ne a kan turmin da na kifa a gaban kabad, na yi ɗage a kan 'yan yatsu, ina so in sauko da shi in kwafi furen da ke jikinsa, don malaminmu ya ce ran Litinin kowa ya zo da zanen abin da ya fi kyau a gidansu. Ƙarar ba ta ma yi yawa ba, tas ɗaya ce, amma ni a kunnena duk Zangon Sokode ya ji. Na yi tsit ina sauraro. Inna ta tafi kai niƙa, Baba yana mahauta tun asuba, baƙuwarmu Goggo Talatu ta fita, ba kowa a tsakar gida sai kaji. Na diro na tsince gutsattsarin a bakin zanena, guda bakwai, har ɗaya ya yanke ni a babban yatsa.

Wanda bai san ɗakin Inna ba ba zai gane girman wannan ɓarna ba. A lokacin, darajar mace a Zango jerenta ne. Kwalla da samira da langa a ɗore kan juna, manya a ƙasa ƙanana a sama, kowace da murfinta, kuma ko ruwa ba a taɓa zuba musu ba. Duk Asabar ni ke sauke su in goge in mayar, in na karkata ɗaya kuwa daga bakin ƙofa Inna za ta hango. Amma hawan sama na kabad haramun ne gare ni. Can ne faranti shida na tangaran suke jingine, farare masu shuɗin fure, waɗanda kakata ta wajen uwa ta sayo a Blitta tun jirgin ƙasa yana kawo kaya daga Lome. Ta rasu kafin a haife ni, kuma abin da ya rage wa Inna nata ke nan. Ko Baba bai taɓa cin abinci a cikinsu ba.

Ita Goggo Talatu yayar Baba ce, aure ya kai ta Dapaong tun tana yarinya, ta zo ne ta gyara mana tsohon ɗakin baƙi kafin Sallah. Inna siminti da fenti take so irin na maƙwabta, Baba kuwa ya ce hannun yayarsa ya fi na kowane magini. Goggo doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma tun isowarta take abin da ya sa matan unguwa zunɗe. Kullum da safe sai ta bi juji-juji tana tsintar fasassun tangaran da marafan kwalba, ta zo ta wanke su, ta ware su launi-launi a kan faifai. Ta ce wurin matan ƙabilar Moba na can ta koyi liƙa su a bakin ƙofa. Maƙwabciyarmu Azumi, wadda ba a taɓa yin abu a bayan idonta ba, ta leƙo ta katanga ta ce wa Inna, “Ki dai sa ido, abin da mace za ta binne a ƙofar wata ba ado kaɗai ba ne.” Inna ta ce mata zato zunubi, amma na ga ta fara sa idon.

A lungun madafa akwai wani buhu da Goggo ta zo da shi, cike da busasshen ɓawon ɗorawa. Ni 'yar gari ce, ɗorawa na san ta a garinta mai zaƙi da kuma daddawa, ɓawon kuwa na ɗauka abin hura wuta ne da ba wanda zai taɓa sai itace ya ƙare. Nan na cusa hannu har kafaɗa na binne gutsattsarin, na koma na matsa faranti biyar ɗin don su rufe gurbin, na mayar da turmi, ina ganin na yi wayo. Washegari da safe ina wanke-wanke sai ga Goggo ta jawo buhun tsakar gida, ta kawo rabin ganga ta cika da ruwa. Ashe da ɓawon ake yin makuba, ruwan nan ja-ja da ake yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Kuma ba ta zazzage buhun ba, da hannu take ɗiba tana zubawa. Ina kallo ta wutsiyar ido na ga hannunta ya tsaya a ciki, ɗan tsayawa kaɗan, sannan ya ci gaba. Ko inda nake ba ta duba ba.

Kwana bakwai muka yi muna aikin ɗakin, kuma ban taɓa ganin mako mai tsawonsa ba. Mun ɗebo marmara muka baza, muka bi ta da madaɓi har tafin hannuna ya yi kanta. Ta shafe bango da jar ƙasa, ta ja layuka da yatsu uku tun yana ɗanye, masu lanƙwasa kamar sawun maciji, ta bi tsakaninsu da farar ƙasa. Ta rataya faifai uku da ƙwarya mai zane, ta jera marafan kwalba a gefen taga, ta kewaye ƙofa da tangaran ɗinta. Ɗakin ya yi kyau, ni kuwa ban ga kyan ba, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ta ce in miƙo mata faifan tangaran, sai in ce gwada ni take. In ta yi shiru, sai in ce jira take Baba ya dawo. Rannan ta kama hannuna ta ce me ya yanke ni, na ce wuƙa. Ta ce, “Wuƙar nan da kaifi take,” ta yago tsumma ta ɗaure mini. Tana sallar azahar na lalube ƙunshin kayanta kaf ina neman gutsattsarin, ban samu komai ba sai goro da tasbaha. A lakwal ma na kasa wasan carafke, zanen kuwa kaza na yi, malam ya tambaye ni ko akuya ce.

Ran jajibere Inna ta hau kujera da kanta za ta goge hawan sama. Na ji ta ce “biyar” a hankali, ta sake ƙirgawa, sannan ta kira ni. Na ce ban sani ba. Da a nan na tsaya da sauƙi, amma tsoro ya ja mini harshe, na ƙara da cewa na dai ga Goggo tana neman shuɗin tangaran ba ta samu ba. Har yau in na tuna wannan magana sai na ji kunya ta rufe ni. Inna ta je ƙofar ɗakin baƙi ta bi gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga furenta ba, sai ta yanke cewa an fasa an ɓoye za a tafi da shi Dapaong. Ba a tuhumar yayar miji baki da baki, don haka ta sayo kwaɗo ta garƙame kabad, ta ƙulle mabuɗin a gefen zane. In Goggo ta shiga ɗaki, sai Inna ta sami dalilin bin ta. Tana watsa wa kaji tsaba tana cewa wasu hannuwan ba su iya ganin abu lafiyayye ba. Goggo tana jin komai. Washegarin Sallah, ko suyar naman layya ba a gama ba, ta ɗaure kayanta. Baba ya yi roƙon duniya ta ce ta bar awaki ba mai kula. A zaure ta tsaya ta ce da ni, “Saude, ki riƙa yayyafa wa daɓen nan ruwa, kar ya tsage.” Da ta tafi daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Da aka haifi ƙanena ba ta zo suna ba, sabulu da turmin zane kawai ta aiko.

Da dogon hutu ya zo sai Baba ya haɗa ni da wata mai fataucin albasa ya ce in je Dapaong, ko zumunci ya ɗan motsa. Mun isa da la'asar. Gidan Goggo na ƙasa ne, daɓen tsakar gida yana sheƙi kamar an shafa mai. Na durƙusa zan gaishe ta a ƙofar ɗakinta, ina ɗaga kai sai ga shuɗin furen Inna a jikin bango, gutsattsari bakwai an mayar da su wuri ɗaya sun koma faranti, can ƙasa-ƙasa daidai idon yaro. Kwana uku ina shiga ɗakin da kai a sunkuye, ina jiran ranar da za ta tara mutane. Ba ta tara kowa ba. A rana ta huɗu ta miƙo mini jiƙaƙƙen tsumma ta ce, “An ce ke ce mai goge jere a gidanku, zo ki goge mini nawa.” Na fara daga sama ina jan lokaci, da na iso kan furen sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, “Goggo, ni ce.” Ta ce ta sani tun ranar makuba. Na ce to me ya hana ta faɗa, ga shi an ɓata mata suna. Ta ce, “Babba juji ne, 'yata. Ni na tsufa, sunan ba zai hana ni komai ba. Ke kuwa da Azumi ta ji, da har gidan aurenki sai ya bi ki. Na dai ajiye miki shi a inda za ki gani.”

Ranar da na koma Sokode, ban ko sauke kaya ba na faɗa wa Inna. Na shirya wa duka, ba ta taɓa ni ba. Ta zauna bakin gado ta daɗe tana kallon kabad, sannan ta kwance mabuɗin, ta sauko da faranti ɗaya, ta naɗe shi a sabon kallabi, da safe ta nufi tasha. Kwana biyu ta yi, ta dawo da farantin lafiya lau, idanunta sun kumbura amma tana dariya. Wai da ta durƙusa ta ce, “Yaya, ki yafe mini,” ta miƙa shi, sai Goggo ta juya shi gaba da baya ta ce, “Me zan yi da lafiyayyen faranti? Mayar da abinki, in ya fashe ki aiko mini.” Daga ranar kabad bai ƙara ganin kwaɗo ba, kuma da Sallah ta zagayo Goggo ta zo, a cikin tangaran ɗin aka zuba mata abinci.

Yanzu ni ma da ɗakina. 'Ya'yana a waya suke duba yadda ake ƙawata falo, su sayo takardar manna bango da furen roba, bayan shekara su ɓare su zubar, kuma in kofi ya fashe shara ce kawai, ba mai tambayar wa ya fasa. Daɓen ɗakin baƙi an daɗe da rufe shi da tayil. Bayan rasuwar Goggo 'ya'yanta suka rushe ɗakinta suka yi na bulo, ban sami labari ba sai da aka kwashe ƙasar. Faranti biyar ɗin suna wurina, a kabad ɗin Inna. Duk Asabar nakan goge su in mayar, kuma na daina matsa su don su rufe gurbin.