Faifan Kawu a Ƙarƙashin Faranti

Kawuna, yayan mahaifiyata, mawaƙi ne da ya yi suna a Masar, a manyan gidajen wasa inda ake rera labari tun daga farko har ƙarshe. Da ciwo ya ci ƙarfinsa sai ya dawo Makka, ya rasu a gidanmu na unguwar Hindawiyya, 'yan shekaru bayan babban yaƙin duniya.

Inna ta ware ɗakin sama don kayansa. Ta rataye alkyabbarsa ta wasa, ta jera jar dararsa da hotonsa, da garmaho da faifai uku. Ran Alhamis bayan la'asar 'yan'uwa mata sukan zo, su tuɓe takalma a bakin ƙofa. Inna ta cusa tsumma a bakin ƙahon garmahon, ta ɗora allura, muryar ta fito siririya kamar daga cikin rijiya.

A zamanin an hana garmaho a garin. Da idona na ga 'yan hisba masu sanduna sun farfasa na wani a kasuwa, suka tasa ƙeyarsa. Mu kuwa ta Sudan muka zo, takardunmu ba su cika ba, ga matata da tsohon ciki.

Na ce, "Inna, abin nan zai ja mana kora."

Ta ce, "Kai dai ɗinka rigunanka, matsoraci. Muryar ɗan'uwana ce, ba giya ba."

Wata safiya bayan aikin Hajji, ana tsananin zafi, maƙwabci ya leƙo shagona da ke ƙasan gidan, ya ce masu sandunan sun shigo lungunmu. Inna tana Harami. Na haura a guje, na tura garmahon cikin buhun gawayi. Faya-fayan na kai kan rufin gida, inda muke shanya naman layya na Mina. Na rufe su da farantin ƙarfe, na baza nama a kai.

Na koma shago na zauna. Da aka buga ƙofa na zaci su ne, ashe mai ruwa ne da garwarsa. Duk da haka na kasa hawa rufin, ina ganin kowace taga da mai kallona.

Ba wanda ya zo. Gab da la'asar na haura, farantin ya ƙona mini yatsu. Faya-fayan sun lanƙwashe kamar busasshen ganye. Na danna ɗaya in miƙe shi, ya rabe biyu. Na binne su duka cikin gawayi.

Da Inna ta dawo na tare ta a matakala. "Sun zo, Inna. Sun tafi da faya-fayan."

Ta dafa bango. "Sun taɓa ka?"

"A'a."

"To, alhamdu lillahi," ta ce, ta shafa kaina.

Shekara tara ta yi bayan haka. Matan ba su daina zuwa ba, sai dai ita take rera musu abin da ta riƙe, kowace shekara yana raguwa. Takan tsaya a tsakiyar waƙa ta dube ni ta ce, "Daga nan yaya ma yake hawa?"

Ni ban riƙe ba. Gaskiyar kuma ban taɓa faɗa mata ba, har muka kai ta makwancinta.