Kariyar da Idi Ya Musanya da Sardin

Matso kusa ka ji, don zancen ga ban cika yin sa da ƙarfi ba. Washegarin cika-ciki ne, cikin ɗarin shekarar babban fari, wadda sojoji sunka karɓi mulki a Yamai, shekarar da ba cikin wanda ya cika. Na dawo daga rijiya da rabin tulu, na leƙa bayan rumbu inda nake aje kaskona, sai na iske zoben danshi kaɗai bisa rairayi. Kariyata babu.

Ka san kariya, itacen nan mai gajeren wuya da ƙaton gindi, wanda ke fidda jan fure lokacin da komai ya bushe. Babana ya tsinko mini kwanson ƴaƴanta daga gindin dutse, mai kama da ƙahon akuya, kafin ya tafi cin rani Kumasi bayan hatsinmu ya ƙone a tsaye. Ya ce, "Shuka, Hajo. Kan ta yi hure na komo." Na fasa kwanson, ƴaƴan sunka tashi da gashinsu kamar auduga, ni da kaji muna tsere. Na gauraya rairayin fadama da busasshen kashin awaki cikin fasasshen kasko, na binne su sama-sama. Guda ɗaya ta tsira. A lokacin mata na kwana bakin rijiya, muna jiƙa ƴaƴan anza na daji kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita mu ci, ƴan'uwana na fasa gidan tururuwa suna neman tsaba. Ni kuwa ruwan alwalar Kaka nake tarewa da ƙoƙo in ɗiga mata, kaɗan kaɗan, don in ya yi yawa ruɓewa take. Kaka ta kan ce, "Kiyayi nononta, ɗiyar ga, da shi maharba ke shafa kibiya." Cikinta ya taso sumul kamar ƙaramin tulu, kuma a makon nan ne na ga ƙullin furenta na fari.

Idi, ɗan ƙanwar babana, shi ya ɗauke ta. Taubashina ne, kuma a wurinmu ranar shara, wato washegarin cika-ciki, ɗan mace ya kan shigo gidan kawunsa ya ɗauki abin da ya ga dama, ba mai ce masa uffan. Da can zakara ake ɗauka ko damen hatsi. Shekarar nan ba ko ɗaya, sai ya sungumi kaskona ya kai wa direban kamyon, babbar motar da ke kawo jar dawar taimako, don matar maigidansa na jera irinsu a barandarta a Yamai. Anka ba shi gwangwanin kifin sardin. Na iske shi bakin ƙofa yana lasar mai a yatsa. Da na fasa kuka, manya dariya sunka yi. Innata ta murɗe mini kunne ta ce, "Ɗiyar namiji ba ta kukan shara. Kunyata mu za ki yi?" Baba bai dawo ba, ba a wannan shekara ba, ba a wata ba. Yanzu na san ba kasko ya riƙe shi ba, amma je ka faɗa wa yarinyar da nake a ranar.

To al'adar da ta ɗaure mini hannu ba ta ɗaure mini baki ba, don taubashiya duk abin da ta faɗa wasa ne. Na sa masa suna Mai Sardin. Na sa shi cikin waƙar daka, ƴanmata sunka kai ta rijiya, yaran lakwal, ƴan makarantar boko, sunka kai ta har garin Bonkuku. Ranar aurensa na ratsa taron surukansa da tsohon gwangwani bisa faifai, na durƙusa na ce ga gudummawata. Mutane har da faɗuwa ƙasa, shi kuma dole ya yi dariya, haƙoransa a cije. Yau jikokinsa ma ba su san sunansa Idi ba.

Yanzu akwai famfo a tsakar gidana nan Filinge, kariya kuwa na shuka su jere da katanga, duk daga iri, suna fure ba mai kallo. Ba wadda nake leƙawa da asuba da zuciya na bugu kamar waccan. Makon jiya Idi ya aiko ɗansa, wai jiki ya ƙi, yana son in je in yafe masa. Na dama fura da nono mai kyau na ba yaron ya kai, don ba na barin ɗan'uwa da yunwa. Kalmar da yake jira dai tana nan cikin bakina. Kai da ka ji duka, in kai ne, za ka saka takalmi ka tafi?