Ranar da Dutsen Garinmu Ya Naɗa Rawani

A littafin Turancin da nake koyar da ɗalibaina a Faskari akwai darasi kan yadda mawaƙan Turawa ke siffanta ƙololuwar dutse idan gajimare ya rufe ta. Wani ya ce ta sa hula, wani ya ce kambi, wani mayafi, akwai ma mai cewa likkafani. Duk shekara sai na rubuta su a allo, duk shekara kuma sai na tuna kakata, Iya Tabawa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba amma ta riga su.

Ƙauyenmu yana gindin wani dutse, can gaba da Tafoki. Da an yi sallar isha'i sai mu zagaye murhun Iya, tana ɓare gyaɗa, hayaƙi na sa mu hawaye. A wajenta dutsen nan rawani yake naɗawa, kuma a garinmu ba mai taɓa sungumin shuka sai ranar da aka ga rawanin ya sauko masa har kafaɗa. Wanda ya yi azarɓaɓi, irinsa ya ƙone a ƙasa.

Na taɓa tambayarta me ya sa dutsen ba ya motsi.

"Kai, mijin ƙarya, mi ka sani?" in ji ta. "Matso ka ji. Da can tahiya shikai."

Wai yawo yake gari gari, har ya haɗu da wani gajimare da ya gaji. Gajimare ya roƙe shi ya ɗan huta a kansa, ya ce kada ya motsa sai ya tashi. Dutse ya yi alkawari. To kafin wannan ya tashi wani ya sauka, kafin wancan ya tashi wani ya iso. Yana nan tsaye har yau, yana jiran a sauka daga kansa.

Muka yi ta dariyar wautar dutse. Iya ba ta yi ba. Ta ce, "Kun taɓa jira, ku?"

Damina huɗu ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu. Aka ce mu ɗan zauna a gari har abin ya lafa. Waɗansu 'yan bindigar su bar dajin, waɗansu su shigo. Gonarmu da kabarin Iya duk suna can, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba. Abin yana ci mini rai, ba na ɓoyewa.

Daga tagar ajina ana hango kan dutsen. Mahaifina kuwa idonsa ya yi rauni, shi ya sa kullum ni yake tambaya. Yau da na dawo na tarar da shi a ƙofar ɗaki, sunguminsa a kan cinya, ya sake masa ƙota.

"Ya naɗa?"

Na so in yi masa ƙarya, na kasa.

"Ya naɗa, Baba. Har kafaɗa."

Ya daɗe yana shafa ƙotar. Sannan ya miƙo mini ya ce in mayar bayan ƙofa, kusa da buhun iri.