Jar Fitila da Tumatirin Yayata

Shekarun baya, lokacin da ruwan dam ɗin Bakolori ya soma isa gonaki, an yi wani wawa a ƙasar Mafara. Kada ku wahala da tambayar ko wane ne. Ni ne.

Ilimina a lokacin aji huɗu ne na elemantare, sai wata uku da na yi ina gadin ƙofar garejin Turawan da ke aikin dam. Daga bakin ƙofar nan nake leƙen makanikai, don haka ko da na bar aikin na riga na naɗa wa kaina sarautar injiniya. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura wadda ta girme ni a wahala. Dainamonta ya mutu, batir ba ya caji, ga wata jar fitila a gaban sitiyari da ke zuba mini ido kullum kamar na ci amanarta.

Abokina, bakanike na gaske a Talata Mafara, ya samo mini altaneta, na'urar cajin batir da za ta maye gurbin dainamo, daga wata motar da ta yi hatsari. Ya ce wayoyi uku ne, in jira shi ya dawo daga biki a Maradun ya haɗa mini. Kwana biyu kawai. Ni kuwa ban iya jira ba tun ina yaro. Na zauna, na tashi, na kewaya motar, na buɗe bonet na rufe. Kafin la'asar sifana na hannuna.

Kakkaurar waya na kai ta batir. Ta biyu na ɗaure ta a jikin ƙarfe. Saura wata siririya mai kamar igiyar ɗinkin buhu. Na bi sawunta, sai na ga wurin jar fitilar nan ta nufa. Na ce to, ashe ke ce ke kai mata tsegumi. Na naɗe ta, na cusa bayan inji, na zare ƙwan fitilar na jefa aljihu. Na murɗa makulli, mota ta tashi, babu ja ko ɗis. Ban ko koma wurin abokina ba. Kwana uku ina yawo cikin gari ina danna ham ga wanda na sani da wanda ban sani ba.

Yayata a Birnin Tudu ta yi aure. Mijinta ya rasu a shekarun da aka karɓe gonaki ana baje su saboda aikin dam, ba shuka ba girbi. Waccan shekarar aka mayar mata da 'yar gonarsa, ta sa aka yi tumatir, kuma ya yi kyau. Shi ne amfanin farko da gidan zai gani. Ta riga ta yi magana da masu jakuna su kai mata kasuwar Talata tun da sassafe, domin manyan motocin Kudu ba sa wuce hantsi.

Na ce, "Haba Yaya! Ƙanenki na da mota ki hau layin jakkai?"

Ta ce, "Motar taka da sai an tura?"

"An canza mata zuciya. Da hannuna."

"Abin da ka ba ni tsoro ke nan."

Duk da haka ta sallami masu jakuna. Ranar Talata muka loda kwanduna har sama, ta shiga gaba ta zauna. Da na murɗa makulli na ji motar ta yi nishi kafin ta tashi. Na ce sanyin safiya ne.

Mun yi kamar rabin hanya sai inji ya soma tari. Ya fizga, ya sake fizga, ya yi shiru. Na murɗa makulli: ƙyas. Na danna ham, ko kukan sauro. Wasu manoma suka tura mu har gumi ya jiƙa musu riguna, ba ta ko yi atishawa ba.

Rana tana hawa. Ina buɗe bonet, ina rufewa, ina duban hanya, ina duban kwanduna. Na taɓa wannan waya, na hura waccan. Ruwan tumatir ya soma ɗiga ta ƙasan bodi. Can sai ga masu jakunan da aka sallama, ɗauke da kayan wasu. Babbansu ya tsaya ya gaishe mu tsaf, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, sannan ya ce, "Injiniya, hutawa aka yi?"

A kan jakinsa na aza batir zuwa Mafara, ina biye a ƙasa.

Abokina ya dawo da ni a babur da wani batir bayan azahar. Ya leƙa inji, ya jawo siririyar wayar nan da yatsa biyu kamar ya kamo ɓera.

"Wagga hwa?"

Na ce ta fitila ce kawai.

Ya ce, "Ita ka tashe altaneta daga kwana. Sai ta ɗanɗani wuta ta cikin ƙwan nan kahin ta haihi tata. Kwana ukun ga batir kaɗai kake ci. Ina ƙwan?"

Na zaro shi daga aljihu.

Motocin Kudu sun daɗe da tafiya. Yayata kuwa ba ta zauna jira ba. Ta riga ta ari wuƙaƙe a wani ƙauye kusa, ita da matan wurin suna ta yanka tumatir suna shanyawa a bakin hanya. Abin da bai ruɓe ba ya bushe ya zama kauɗa, ta adana har bazara ta sayar. Daga nan ma ta kama sana'ar.

Har yau in na ga jar fitila ta kama a mota, ko ba tawa ba ce, sai in ce a tsaya a duba. Na gane mai faɗa maka abin da ba ka so ba shi ne matsalarka ba. Na gane, amma ban ce na daina ba.

Bara waccan, ana hira a gidanta, na gyara zama na ce ai a gode mini, ni na koya mata sana'ar kauɗa.

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Awo, ƙanena. Amma duk abin da munka shanya a rana rannan ya yi amfani. Kai kaɗai ka bushe a banza."